Raka'a Biyu Har Kano

A filin jirgin saman Inugu, lokacin da ake kwashe 'yan Arewa saboda rikici, na ji wani saurayi yana musu da wani dattijo kan sallar azahar.

"Baba, wace ƙasaru kuma? Awa biyu fa mun sauka Kano."

"Kada ka ishe ni, yaro. Nisa ake dubawa, ba agogo ba. Kwana uku na yi a hanya da zan zo."

"Na ji. In mun isa gida ai ka cika sallarka."

"Gidan wa? Shekara talatin ina sayar da albasa a Anaca, can na binne uwar 'ya'yana. Ƙofar wa na sani a Kano?"



"Biyu zan ci gaba da yi," in ji dattijon. "Ban yi niyyar zama ba."