Ƙarfen Cire Taya da Alhaji Ya Kawo

KALTUME: Salamu alaikum! Malam, abin ga ƙugi kurum yake yi... a'a, tsaya, na ji mutum. Goronyo ce?

ADAMA: Wa alaikumus salam. Yaya Kaltume? Ni ce Adama. Masinjan hakimi ya zo da gudu, wai ana kirana a waya daga Wurno. Wa ya rasu?

KALTUME: Ba wanda ya rasu. Ina kwana?

ADAMA: Lahiya lau, Yaya. Ina gajiya?

KALTUME: Babu gajiya. Ya maigidan naki? Ya yara?

ADAMA: Duk lahiya. Ya kaka? Geronku ya yi?

KALTUME: Mi?

ADAMA: Gero! Na ce ya yi?

KALTUME: An gode Allah. Tsuntsaye sun ci rabonsu, mun ɗauke saura. Ya ƙafar surukarki?

ADAMA: Da sauƙi. Yaya, ba don ƙafar tsohuwa kika taka har gidan waya ba. Ke da kika ce aljanu ne ke kai magana cikin igiya.

KALTUME: Da magana a bakina, Adama. Ya Maccido? An ce ɗan naki ya zama babban mutum.

ADAMA: Wane babban mutum, facin keke ne dai.

KALTUME: Facin keke! An ce ran kasuwa kekuna layi suke yi ƙofar gidanku, har daga Kagara da Shinaka. An ce ya ɗinka riga mai aska. Ke ma an ganki da sabon mayafi wajen sunan ɗiyar Laraba.

ADAMA: Masu kawo miki labari ba su gajiya.

KALTUME: Ba ni na aike su ba. Allah ya ƙara. Ni mi nawa? Ƙarfen nan dai na cire taya ya yi muku rana.

ADAMA: Wallahi ya yi. Ya ɗora ƙafar keke bisa, ya ɗaure, ya juya hannun, sai ki ga taya ta zame kamar ana fiɗar kifi. Ko ƙwarzane babu a wili.

KALTUME: Uhm. Ko ƙwarzane.

ADAMA: Ya Yusha'u?

KALTUME: Ke! Ki bar kira min sunan ga cikin kunne. Malamin waya na tsaye kaina.

ADAMA: To, ya ɗan farin naki da ba a faɗin sunansa?

KALTUME: Wancan yana nan. Da bakin tsohon lauje da ƙusa yake ɓanɓarar taya, kamar yadda ya saba. Kwanan baya malamin gona na En'e ya kawo sabon kekensa, ko wata bai yi ba, ƙaya ta huda shi. Wancan ya sa lauje ya danna, bakin wili ya lotse, fenti ya kankare. Da malamin ya hau, ƙafar baya sai rawa take yi kamar ta sha giya.

ADAMA: Subhanallahi!

KALTUME: Malamin ya tsaya tsakar zaure ya zage shi tas, mutane sunka taru. Tun ranar ko keken ɗan saƙo ba a kawo muna ba. Shi malamin kuma, kin san inda ya kai kekensa gyara?

ADAMA: ...Ya zo nan, i.

KALTUME: Ya zo nan, i! Daga Wurno a ɗora keke bisa mota a kai Goronyo. Wa ya koya wa Maccido riƙon sifana? Wa ya nuna masa yadda ake tsoma tub cikin ruwa a nemo huda? Ba a zaurenmu ya zauna rani guda yana cin tuwona ba?

ADAMA: Ban musa ba. Amma Yaya, ke da bakinki kika ce a ba shi.

KALTUME: Mi kika ce? Ƙara ta yi yawa.

ADAMA: Kin ji ni sarai. Ran da munka je gaida yayanmu Alhaji a Rabah bayan Salla, ya fito da ƙarfen, ya ce daga Sakkwato ya sawo, guda ne, ku biyu kuna da masu gyaran keke, Kaltume ke ce babba, wa za a ba? Kika ce a ba ɗan Adama, wancan ba ya buƙata.

KALTUME: To mi kike so in ce? Gaban Alhaji da matansa in ce a ba ɗana na fari? A ina kika taɓa jin uwa ta yi haka? Ni na yi nawa. Saura naki ya rage: ki ce a'a, babba ke gaba, shi ya koya wa nawa. Ke ce innarsa, ke ce bakinsa inda ni ba ni da baki.

ADAMA: Na ce a'a mana.

KALTUME: A'ar da ko kazar da ke gindinki ba ta ji ba! Kafin in sake buɗe baki kin ce Allah ya saka, har kin kira a naɗe shi cikin buhu.

ADAMA: Na ɗauka da gaske kike.

KALTUME: Ciki ɗaya munka fito, ki ce kin ɗauka da gaske nake?

ADAMA: Yaya, ni ma uwa ce. Na ga abin da zai ci da ɗana, hannuna ya riga kunyata. To yanzu ƙwace shi zan yi? Ya riga ya kafe shi a ƙasa da siminti.

KALTUME: Har da siminti! Ku riƙe abinku, ban zo roƙo ba. Saye zan yi. Tasoshina na aure suna nan, da tunkiyata. Ki faɗa min dai wane kanti ne, in aiki direban motar albasa.

ADAMA: Kada ki soma. Iri biyu ne, in ji Maccido. Akwai na 'yan manyan motoci, mai kaifin baki, shi ya cika kanti. Wannan in ya kama wilin keke, laujenku ma ya fi shi tausayi. Namu mai baki sumul ne, an naɗe wurin kamun da roba. Wurin wani Kwara, Balarabe mai kanti, Alhaji ya samo shi, kuma sai da sanayya yake fito da shi.

KALTUME: Naku. To.

ADAMA: Ko ki turo Yusha'u nan mana. Aiki ya yi wa Maccido yawa, yana neman mai ba taya iska.

KALTUME: Mai ba taya iska! Malamin ya koma yaron almajirinsa? Adama, in faɗa masa haka da wane baki? Shi da ya riga ya ɗaure tabarmarsa.

ADAMA: Zuwa ina?

KALTUME: Gwanja. Ya ce kasuwar Wurno mai zuwa zai bi masu tahiya cin rani. Irin tahiyar da ubansa ya yi ke nan, har yau ko kabarinsa ban sani ba. Ya shigo ya faɗa min, ni kuwa na ci gaba da tankaɗe kamar ban ji ba. Ko kada ka tahi ban iya ce masa ba.

ADAMA: Wayyo Yaya. To ji nan, Alhaji zai shiga Sakkwato ran Litinin, zai iya sawo wani.

KALTUME: Madalla! Sai ki biya Rabah ki yi masa magana.

ADAMA: Na yi. Tun da malamin gonar nan ya ba mu labari na je.

KALTUME: Kin je? Mi ya ce?

ADAMA: Ya yi fushi. Ya ce tun farko don Yusha'u ya sawo ƙarfen, ya tambaya ne don ya girmama ki, kika watsa masa ƙasa gaban iyalinsa kika ce ba a buƙata. Ya ce ba ya sake aiki da tsammani. In kina so, ki zo da ƙafarki, ki faɗi wanda za a sawo wa, da sunansa, kowa ya ji.

KALTUME: Don shi ya sawo? Ashe tun farko nasa ne kunka kafe da siminti?

ADAMA: Ban sani ba lokacin, wallahi. Yaya, malamin wayarmu na ɗaga min hannu, wai lokaci ya...

KALTUME: Tsaya! Sunan da tun ran suna bai fita bakina ba, in je in faɗe shi gaban matan Alhaji, gobe a yi ta yi da ni bakin rijiya? Ko in zauna ina tankaɗe ya hau mota? Adama, ke da kika iya karɓa, faɗa min, mi zan yi? Adama? Malam, kai da kake tsaye ka ji komai, mi zan yi?