Askar Kakan Mai Gashin Baki

"Ƙarya kake, tsoho! Askar kakana ce!"

Ina zaune da ƙoƙon shayina a shagon Don Evaristo mai gyaran tsofaffin asake, nan Montevideo, babban birnin Uruguay, wani baƙo mai gashin baki yake ta wannan ihu.

"Yallaɓai, sassauta," in ji Evaristo. "Yaushe ka ce kakan naka ya rasu?"

"Kafin yaƙin duniya na farko. Jirgin ruwa ya nutse da shi."

"To, dubi bakinta. Ka ga tsatsa?"

"Ko ɗigo! Kakata ce ke shafa mata mai kullum, tana hawaye."

"Ba aikin mai ba ne. Ƙarfen ne ba ya tsatsa, irinsa kuwa sai bayan yaƙin aka fara ƙera aska da shi. Sai dai in daga ƙarƙashin teku kakanka ya aiko aka saya masa."

"Kana zagin kakata? Matar da ta ƙi aure har ta mutu? Ba namijin da ya taɓa taka gidanta! In ban da Don Casimiro."

"Wane ne shi?"

"Maƙwabci ne kawai. Duk Lahadi yakan kawo mata alewar madara, su rufe ƙofa saboda ƙuda."

"Sana'arsa fa?"

"Wanzami ne, me ya..."

Sai baƙon ya ƙura wa askar ido. Ni kuwa shayi ya sarƙe ni.

"In wasa maka ita?" in ji Evaristo. "Mai ita ya san kaya."

Baƙon ya fizge askarsa, ya fita ya banko ƙofa.