Robar da Ke Haɗe Kanta

A tashar mota, tsoho mai liƙin bokiti ya ƙura wa akwatin da ke cinyar wata matashiya ido.

"'Yata, me kike riritawa haka?"

"Bincikenmu ne na jami'a, Baba. Roba ce, in ta tsage sai ta haɗe da kanta."

"Ashe ku ne za ku raba ni da sana'ata!"

Ta yi dariya. "Da saura. Tsaga kamar silin gashi ma sai ta kwana uku."

"Kwana uku? Mai bokiti ba ta ba ni minti goma!" Ya nuna murfin akwatin, an ɗaure shi da igiya. "Wannan fa, yaushe zai warke?"

"Ai shi robar kasuwa ce."

Ya cusa ƙarfensa a wuta. "Miƙo, kafin motarku ta cika."