Lagireto Mai Fanka Biyu

Tashar Gwarzo, ana jiran motar Kano ta cika. Wani dattijo ya ƙura wa buɗaɗɗen kwalin da ke cinyar wani saurayi kusa da shi ido.

"Samari, wannan ba lagireto ba ne? Na wace mota ne, ɗan mitsitsi haka?"

"Na kwamfuta ne, Baba, ruwa ke sanyaya ta. Da ita nake haɗa bidiyon walima a Kabo."

"Ikon Allah! Shekara talatin ina gyaran lagireto, ban taɓa ganin irinsa ba. Yoyo yake?"

"Lafiyarsa ƙalau. Amma da azahar ta yi, sai kwamfutar ta ɗau zafi ta mutu."

"Wa ya zaɓa maka girmansa?"

"Wani Bature na kalla a waya. Ya ce mai fanka biyu ya isa."

"A ɗakinsa ya isa. Shagonka rufin kwano ne?"

"Kwano ne."

"To ai lagireto iska yake miƙa wa zafi. Iskar bazarar nan me za ta karɓa? Nemi mai fanka uku."

"Da me, Baba? Akuyar Inna aka sayar aka sayi wannan, kuma ita ke nan gare ta. Sayar da shi zan yi, in koma gona. Ku dai kuna da sana'a."

"Wace sana'a? Tunda fetur ya tashi kowa ya jingine motarsa. Wata huɗu rabona da in taɓa lagireto."

Dattijon ya goge hannuwansa a riga.

"Miƙo shi in ɗan riƙe kafin mota ta cika."