Fiffike a Sama, Fiffike a Ƙasa

A ɗakin jira na wani ƙaramin filin jirgin sama a tsibirin Hokkaido, dattijo Kuwabara yana cin taliya sai wata mata da bai sani ba ta zauna kusa da shi, makullin jirgi a hannunta.

"Farin jirgin can naki ne? Mai fiffike a bisa kai?" in ji shi.

"Nawa ne, Baba."

"Akwala ke nan. Ki nemi mai fiffike a ƙasa. Ya fi gudu, ya fi kyan gani."

"Ni ba sauri nake yi ba. Kuma fiffiken ƙasa tare mini kallo yake yi."

"Kallon me? Gonakin dankali?"

"Garinmu. Ruwan madatsa ya shanye shi. In ruwan ya ja da rani, rufin makarantarmu yakan fito."

Kuwabara ya ajiye tsinken cin taliyar.

"Kai wanne ne naka?" ta tambaya.

"Jan can. Da nawa ne. Likita ya ce da zuciyar nan na gama tuƙi, sai na sayar."

"Amma ba ka daina zuwa ba."

"Taliyar ce ke kawo ni."

"Baba, ko mai dafa ta ba ya yabonta."

Ya kalli kwanon.

"Likitan ya hana ka zaman fasinja?"

"Bai ce ba."

"To, kujera ɗaya ba kowa a jirgina."

Ya ɗauki hularsa a hankali. "Ta wane gefe makarantar take fitowa?"

"Ta dama. Gefenka."