Tsire Ko Agashe

Bayan la'asar ina zaune kusa da mai gashin nama a unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, sai mutum biyu suka miƙa hannu ga tsinke ɗaya da ya rage. Ɗaya dattijo ne Bahaushen Sudan, ɗayan matashi mai Hausar Kano.

"Baba, yi haƙuri, na riga ka ga tsiren nan."

"Wane tsire, ya waladi? Agashe ne. Kuma tun kana tsallako titi nake tsaye."

"Agashe kuma? Ku mutanen Sudan kun lalata mana Hausa. Wai ma ya aka yi ka tashi da wuri haka? An ce ku da barci ba a raba ku."

"Ku da hayaniya fa? Ɗan Nijeriya ɗaya in ya yi sallama, sai ka rantse faɗa ake."

"Ai lafiya ce ke sa murya, Baba. Don Allah bar mini. Mai ɗakina ke da juna biyu, ta ce kar in shigo babu shi."

Dattijon ya janye hannunsa.

"Ka faɗi haka tun farko mana! Halas, ɗauka. Amma ka ce mata agashe ne."

Matashin ya sosa ƙeya.

"Ai ita ma haka take ce masa. 'Yar Gadarif ce."

"Gadarif? Garinmu! Yalla, suruki, ruga kafin ya huce. Matanmu ba sa barci da yunwa."