Fitilar Cikin Kabad ɗin Mama

TRAIAN: Alo? Yaya Viorica? Alo?

VIORICA: Traian, kai ne? Tsaya in fita baranda, Sinyora na barci. Yauwa. Ina kwana?

TRAIAN: Lafiya lau. Ya Torino?

VIORICA: Torino na nan, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ƙauyenmu? Ya sanyi?

TRAIAN: Ya ɗan ragu.

VIORICA: Ya aiki? Masu garejin sun kira ka?

TRAIAN: Ba su kira ba. Ya tsohuwar taki da kike jinya?

VIORICA: Wannan? Ai ita za ta binne mu duka. Jiya da cokali ta jefe ni, wai miya ba gishiri, alhali likita ne ya hana. Ya kaji? Ya karen nan marar kunya?

TRAIAN: Duk suna nan.

VIORICA: Ya Mama? Ta ci wani abu yau?

TRAIAN: Tana ɗaki.

VIORICA: Kai mata wayar mana.

TRAIAN: Goggo Paraschiva na wurinta.

VIORICA: Wa? Layin na yankewa. Goggo Paraschiva? Me ya kawo ta? Matar da ba sa ga-maciji da Mama tun rigimar katanga?

TRAIAN: Ta dai zo. Yaya, shukar nan ba ta yi ba.

VIORICA: Wace shuka? Au, wiwin nan naka?

TRAIAN: Rage murya.

VIORICA: Wa zai ji ni a nan? Sinyora da ko tsawa ba ta ji? Kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba, ka kalli bidiyo a waya ka zama manomi. Bokitin fenti, fankar tsohuwar kwamfuta, ƙwan fitila na gwanjo daga kasuwar Craiova, kuma duk ka rasa inda za ka cusa su sai kabad ɗin kayan Mama. Ni dai na ce maka ɗan sandan ƙauye zai shinshino ka.

TRAIAN: Nan ne kawai babu mai buɗewa.

VIORICA: Kai ka ce min man da za ka yi da shi zai kwantar mata da ciwon, tun da ƙwayoyin asibiti sun daina riƙe ta. Ka ce in na zo bikin Ista zan same ta zaune tana cin tuwon masara da cuku.

TRAIAN: Na ce.

VIORICA: To me ya faru? Ta bushe?

TRAIAN: Ba ta bushe ba. Ta yi kore shar, ta kai min ƙirji. Ganye kamar tafin hannu. Ni ina ta jiran fure, ka ga a furen maganin yake. Duk safiya in duba, in ga ya fara ɗan tsirowa, in na dawo da yamma babu. Na canza ƙwan fitila. Na canza ƙasa. Na ce ko irin ne aka cuce ni.

VIORICA: To?

TRAIAN: Mama ce ke tsinke shi.

VIORICA: Me? Ban ji ba.

TRAIAN: Mama. In na fita sai ta lallaɓa daga gado ta buɗe kabad ta tsinke furen da farce. Yadda suke yi a gonar taba ta gwamnati lokacin tana aiki can. Kin tuna, a cire kan don ganye ya yi faɗi.

VIORICA: Wayyo, Mama! Ba ka gaya mata ba?

TRAIAN: Ban san tana yi ba sai makon jiya na kama ta. Ta ce wai ni ban san komai ba, an taɓa barin taba ta yi fure? Har jan zare ta ɗaura wa bokitin saboda bakin mutane. Tana yayyafa mata ruwan albarka na coci.

VIORICA: Kai, matar nan! Tana mutuwa da ciwo tana koya maka noma. To ka bar ta, ai zai sake fitowa. Kafin in zo ma ya...

TRAIAN: Goggo ta rufe madubin kabad ɗin da zane. Shi ya sa na kira, ban san ko in kashe fitilar ba. Hasken na fitowa ta gefen ƙofa, mutane za su gani.

VIORICA: Ta rufe me?

TRAIAN: Madubi.

VIORICA: Traian. Ba a rufe madubi sai an yi mutuwa a gida.

TRAIAN: E.

VIORICA: Alo?

TRAIAN: Ina ji.

VIORICA: Yaushe?

TRAIAN: Da hantsi.

VIORICA: Ka tsaya kana tambaya ta Torino. Ka bar ni ina tambayar kaji.

TRAIAN: Ke kika tambaya.

VIORICA: Haka ne. Ni na tambaya.

TRAIAN: Yaya? Kina nan?

VIORICA: Ina nan. Ina kallon shanyar maƙwabta, sun manta da ita a ruwa. Ban ji komai ba, Traian. Wallahi ban ji komai a jikina ba. Haka kai ma?

TRAIAN: Haka. Na ba kaji hatsi. Na wanke kofuna.

VIORICA: An gaya wa Fadan coci?

TRAIAN: Zai zo da yamma. Mata sun ɗora alkamar sadaka a wuta. Goggo na neman kayan da Mama ta ajiye don a binne ta da su, baƙar rigar nan da ɗankwali. A da suna cikin kabad, na mayar da su akwati ƙarƙashin gadona. Sun ɗan yamutse, ta ce za ta goge.

VIORICA: Bas na tashi gobe da safe. Sai in samu wadda za ta zauna da Sinyora. Kada ku rufe ta kafin in iso.

TRAIAN: To.

VIORICA: Traian, ka riƙa mata kyandir?

TRAIAN: Kin ce me? Layin...

VIORICA: Ka ji ni sarai. Kyandir. Ta rasu da haske a hannunta? Abu ɗaya da ta roƙe mu ke nan tun rasuwar Baba, kada ta tafi cikin duhu ta rasa hanya. Kyandir da ashana suna gefen gadonta tun bara, da hannuna na ajiye.

TRAIAN: Na ɗauke su.

VIORICA: Ka ɗauke su.

TRAIAN: Cikin kabad ɗin duk kwali ne da takarda mai ƙyalli, ga wayoyin wuta. Na ce kada gobara ta tashi. Suna kicin, kan firji.

VIORICA: Kai kana ina?

TRAIAN: Na je karɓo burodi. Ta ce tana sha'awar mai zafi. Akwai layi.

VIORICA: Ita kaɗai ke nan.

TRAIAN: Ita kaɗai.

VIORICA: Ni ina nan ina goge bakin uwar wasu.

TRAIAN: Goggo ta tambaye ni. Na ce mata na riƙa.

VIORICA: A gado ka same ta?

TRAIAN: A'a. A ƙasa, gaban kabad. Ta jingina da ƙofar, a buɗe. Hannunta na kan bakin bokitin. Akwai ɗan fure tsakanin yatsunta, ƙarami, ko ƙwayar wake bai kai ba.

VIORICA: Fitilar fa?

TRAIAN: Me?

VIORICA: Fitilar taka ta gwanjo. A kunne take?

TRAIAN: A kunne. Duk fuskarta haske, har ido ba ya iya kallo sosai.

VIORICA: Har hannun?

TRAIAN: Har hannun. Yaya, wannan ya isa? Ana lissafa shi kamar kyandir? Ko in tambayi Fada?

VIORICA: Kada ka tambayi kowa.

TRAIAN: To in kashe? Mutane sun fara shigowa tsakar gida. Ɗan sandan ma zai zo gaisuwa, matarsa na cikin masu dafa alkama.

VIORICA: Shukar ka kai ta rumbu ka rufa mata buhu. Fitilar ka bar ta.

TRAIAN: Za su ce me fitila ke yi a kabad babu komai.

VIORICA: Su ce. Ka bar mata a kunne har in zo. Ka ji ni? Sinyora ta farka, tana buga ƙararrawa, lokacin juya ta ya yi.

TRAIAN: Burodin na nan kan tebur, ban san me zan yi da shi ba. Har yanzu da ɗan ɗumi. Yaya, katina ya kusa...

VIORICA: Ka ci, Traian. Ka zauna ka ci. Alo? Traian? Alo?